Ɗigon da ba ya bushewa

Ta matsa fentin mai a kan guntun kwali, launi uku: ruwan ƙasa, ruwan goro da baƙi. Sai ta bar su ta je ta wanke kwanuka. Mai shagon da ya sayar mata da 'yar motar roba ne ya koya mata haka. Ya ce a bar kwali ya fara shanye man, in ba haka ba tsatsar da take son zana wa motar za ta yi ƙyalli, kuma ta daɗe ba ta bushe ba.

Motar ba ta wuce tafin hannu ba. A-kori-kura ce fara, irin wadda wani tsoho ya yi rayuwarsa yana tuƙawa.

Ta daɗe tana nemansa kafin ta same shi a gidan jinya, a gadon kusa da taga. Jikinsa ya shanye, ba ya magana, ba ya iya juya wuya. 'Yan uwansa duk sun daina zuwa. Likita ya ce abin da ya rage masa na tunani kullum raguwa yake yi, nas kuma ta ba da shawara a kawo masa wani abu da ya sani a da, ko zai tuna.

Abin da take so ke nan: ya tuna kafin ya mutu.

Karon farko sabuwa fil ta kai motar. Ya dube ta kamar yadda yake duban bango. Da ta koma shagon, mai shi ya yi dariya.

"Malama, wa ya taɓa ganin motar kaya ba tabo? Ba mota zai gane ba, wahalarta zai gane. Ki bar fentin ruwa, yana bushewa kafin ki yi tunani. Na mai yana jiran mutum."

Ya nuna mata yadda ake ɗiga launi da tsinke, a tsoma buroshi a ruwan sirka fenti, a ja ƙasa a hankali har ɗigon ya zama zirin tsatsa. Ya tambaye ta launin kujerun.

"Ban sani ba," ta ce.

Amma waje kam ta san shi. Ta ja tsatsa daga mariƙin ƙofar hagu zuwa ƙasa. Ta ɗumama bakin cokali ta lotsa gefen fitila. Ta shafa baƙi inda hayaƙi ke bugun ƙyauren baya. Gilasan ta rufe su da ƙura, ta bar rabin da'irar da abin goge gilashi ke sharewa a gaban direba. Lambar motar ta binne ta da launin laka, gaba da baya, har ba harafin da ke karantuwa. In ta yi kuskure sai ta goge ta sake. Ba ta taɓa duba hoto ba.

Saura launi ɗaya. Ta sayi ja mai duhu, ta haɗa shi da ɗan ruwan ƙasa, ta ƙara, ta rage, har sai da ya yi mata daidai. Wannan ba ta ɗora shi a kwali ba. Ƙara masa mai ma ta yi. Ta ɗiga shi a ƙarƙashin fitilar da ta lotsa, ta bar shi ya gangara da kansa.

Da hantsi ta isa gidan jinyar. Ta janye kwalbar ruwa daga kan kantar da ke fuskantar gadon, daidai inda idonsa ke tsayawa duk yini, ta ajiye motar, gabanta na kallonsa.

Idon ya bi tsatsar, ya bi lotsawar, ya tsaya. Numfashinsa ya canza. Hawaye ya gangaro masa zuwa cikin kunne.

"Wayyo, ya gane ta!" in ji nas, ta dafa ƙirji. "Baba, motarka ce ko? Yau dai an tuna maka da ƙuruciya. Yaya, Allah ya yi miki albarka, 'ya'ya irinki sun yi ƙaranci." Ta miƙa hannu. "Nan bai bushe ba ma."

"Kar ki taɓa. Zai daɗe a haka. In ya bushe zan zo in sabunta. Don Allah kar a ɗauke masa ita, ko da ya yi kuka."

"Wa zai raba shi da ita?"

Nas ta fita. Matar ta gyara masa matashi yadda kansa ba zai zame ba, ta sunkuya dab da kunnensa.

"Ni dai sau ɗaya na gan ta, direba," ta ce a hankali, "ranar da ka take ɗana a ƙofar makaranta, ka dube ni, ka ƙara wuta."