Matar da ke Kujerar Baya

Allin ya karye a hannunsa kafin ya gama rubuta "Tarihin Duniya" a kan allo. 'Yan ajin suka yi ƙus-ƙus. Malamin Tarihi ya duƙa ya ɗauki guntun, ya goge gumin tafinsa a jikin wando.

Yau ce ranarsa ta farko a gaban 'yan aji huɗu na sakandare, amma ba su ne suka hana shi karyawa da safe ba. Tun makon jiya shugabar makaranta ta kira shi ofis ta ce, "Ranar Litinin za ta zauna a ajinka. Ka yi aikinka kamar ba ka san da ita ba." Ya ce to.

Kujerar baya ta kusa da taga har yanzu babu kowa a kanta.

Ya fara da dokoki. Ban da waya a aji. Kowa zai rubuta nasa aikin da hannunsa, wanda ya kwafi na wani, su duka biyun sifili. Wanda ya shigo bayan ƙararrawa kuma a tsaye zai ɗauki darasi, ko ɗan waye.

Bai rufe baki ba aka yi sallama a ƙofa.

Dattijuwa ce, da mayafi ruwan toka da tabarau, ta rungume sabon littafi a ƙirji. Ta ratsa tsakanin tebura ba ta kalli kowa ba, ta zauna a kujerar bayan. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin gaba ta raɗa wa ƙawarta, "Daga ma'aikatar ilimi take, masu duba malamai." Raɗar ta bi aji layi-layi. Malam ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Ya koma allo. A zangon farko, in ji shi, za su fara daga bakin manyan koguna, inda mutane suka soma noma da rubutu, su bi ta Masar da Rum da Sin, su sauka a Mali da Songhai. Na biyu cinikin bayi ne, da zuwan injuna, da mulkin mallaka. Na uku yaƙoƙin duniya guda biyu da neman 'yancin kai.

"Ba haddar shekaru nake so ba," ya ce. "Ina so ku riƙa tambaya: me ya jawo, wa ya ci riba, wa aka bari da kuka."

Duk kalmar da ya furta, biron matar na bin ta. Ya ƙara sauri. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, shi kuwa ya kau da kai.

Sai wani dogon yaro da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga hannu.

"Malam, dokar makara fa? Ka ce ko ɗan waye. Ga shi wasu sun shigo sun zauna abinsu."

Dariya ta ɓarke, ta mutu nan take. Matar ta ajiye biro, ta dafa tebur, ta miƙe tsaye a hankali.

Malam ya bi ta da kallo. Ya san halinta sarai. Idan ta fita daga ɗakin nan da ɓacin rai, magana ta ƙare, babu mai roƙon da zai dawo da ita. Idan kuma ya tauye dokarsa a ranar farko, yaran nan sun raina shi ke nan har ƙarshen shekara.

"Dokar tana nan," ya ce, da ƙyar. "Gobe take fara aiki, a kan kowa. Yau ba wanda ya san da ita kafin ya shigo. A zauna."

Ta ɗan jima a tsaye tukuna ta zauna. Can ta ɗaga hannu.

"Malam, wanda ya faɗi jarrabawar zangon farko, korarsa ake yi?"

Jin "Malam" daga bakinta ya sa ya sunkuyar da kai. Ya ce a'a, ana ba shi dama ya sake, muddin yana zuwa. Ta gyaɗa kai, ta rubuta.

Da aka kaɗa ƙararrawa, yaran suka fita sumui-sumui, kowa na rusuna mata. Rediyo ya tsaya a gabanta yana sosa ƙeya. "Hajiya, a yi haƙuri. Don Allah a rubuta cewa malaminmu ya iya."

Ajin ya rage daga shi sai ita. Ta taho gaban tebur, ya miƙe tsaye da sauri, kansa a ƙasa.

"Gobe tela zai gama ɗinka mini kayan makarantar," ta ce, tana share masa ƙurar alli a kafaɗa. "Amma ka rage sauri, ɗan nan. Rabona da zama a aji tun ina ɗauke da cikinka."