Bitar Baba Sallau

Sabuwar doka ta ce duk wanda ya haura sittin sai ya ci jarrabawar auna hujja kafin a bar masa gonarsa. Gobe ne ranar Baba Sallau, don haka 'yarsa Lantana ta zauna yi masa bita da wayar hukuma.

Ta karanta: "Wani manomi ya ce geronsa bai yi ba, saboda haka irin ne marar kyau. Ina raunin maganarsa?"

"Allah sarki," in ji Baba. "To me iyalinsa za su ci bana?"

Ta yi maza ta toshe kunnen wayar da yatsa, don kada hukuma ta ji. "Baba, cewa za ka yi wataƙila ruwa ne ya yi ƙaranci."

"Na sani, 'yar nan."

Ta ɗaga yatsan. Ya faɗi amsar a hankali, kamar mai neman gafarar manomin.