Mai Gilas da Kiwon Duwatsu

Malama, kin ce kin yi ta zuba wa yaran ajin nan karatu ba ki ga alamar komai ba, har kina tunanin rushe tsarin ki sake daga farko. Ajiye allin tukuna, ki ji wani misali.

Akwai wani mai yanka gilas, irin masu haɗa tagogi da madubai, yana da tsohuwa mai ran ƙarfe, ga baki. Tana yarinya aka je da ita Makka ta jirgin ruwa, ta dawo da labari ɗaya da ta ƙi ajiyewa har tsufanta: wai ta leƙa teku a tashar jirgi ta ga kifi shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, wutsiyarsa rawaya. Mutanen da ba su san kifi ba sai tarwaɗa da karfasa, ina za su yarda? Jikoki suka mai da abin tsokana, kullum sai sun tambaye ta wa ya rina kifin. Ko da aka nuna hotonsa a waya, sai aka ce ai a waya yanzu har akuya tana tuƙa mota. Takan yi dariya, amma abin yana ci mata rai, kuma ɗanta ya sani. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Sai ya ƙudura zai kawo mata kifin nan da ransa har tsakar gida tun tana iya ganinsa.

Ya haɗa akwatin gilas da hannunsa, ya jawo wutar sola don injin da ke kaɗa ruwa, ya dama gishirin teku ya cika shi. Wani mai sayar da kifin ado a Legas ya aiko masa da duwatsu a cikin kula, a jiƙe, duk jikinsu ramuka. Ya ce masa duwatsun suna da rai. A cikin ramukan akwai 'yan halittun da ido ba ya gani, su ne ke cinye dafin da kashin kifi ke saki a ruwa, kuma sai sun hayayyafa sun kama gida kafin a kawo kifi, in ba haka ba ruwan da kansa zai kashe shi. Ya ja kunnensa cewa kada a wanke dutse, kada a kwashe ruwa, a jira kawai.

To, jiran ne aiki. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon kifi suna tarar da duwatsu, har unguwa ta ɗauka cewa wasu na kiwon kaji, mai gilas na kiwon duwatsu. Ruwan ya gurɓace, ƙarni ya tashi, wata gansakuka mai launin ƙasa ta lulluɓe gilashin. Shi kansa mai gilas zuciyarsa ta soma rawa, don ya lura tsohuwar ta fara laluben buta da hannu, ya ce gara a aiko da kifin haka nan. Matarsa kuwa mai tsabta ce, ba ta barin randa ta kwana biyu ba wanki. Wata safiya ta ɗaura zani ta zo da soso da sabulu, da niyyar dirje duwatsun su fito fes, don a ganinta ƙazanta ce ta hana abin kyau.

Tsohuwar ce ta riƙe mata hannu. Ta ce, "'Yar nan, ajiye soson. Na yi shekaru ina daddawa, na san warin abin da ya lalace, na san na abin da ke kan hanya. Wanda ya buɗe daddawa don wari, kalwa zai tarar." Ta juya ga ɗanta ta ce masa ita da ta jira kifin nan tun tana yarinya, ba za a kawo mata shi ya mutu a gabanta ba.

Daga ranar ta mai da gaban akwatin wurin shan kununta. Takan manna fuska da gilas ta yi ta kallo. Kuma ita, mai raunin idon, ita ta fara ganin wani ɗan abu kamar gashin zabuwa ya leƙo daga ramin dutse ya buɗe, inuwa na giftawa ya shige. Ta yi ta dariya ita kaɗai har aka zo ganin ko lafiya. Bayan nan ƙananan dodon koɗi suka fito suna kiwo a kan gansakukar. Ƙarnin ya tafi, ruwan ya washe garau, maganin gwajin da ake ɗigawa a 'yar kwalba ya nuna ba sauran dafi. Sannan aka aiko da kifin.

Da aka sake shi, ya zagaya duwatsun ya shige wani rami kamar ya san gidan tun da. Can ya fito ya tsaya daidai fuskar tsohuwar, shuɗi shar, wutsiya rawaya. Surukar ta rangaɗa guɗa. Tsohuwar ta sa aka tara mata jikokin duka, ta bar su suka kalla har suka ƙoshi, hawayen daɗi na bin kumatunta. Sannan ta ce, "To, ku faɗa mini, wa ya rina shi?"

Don haka, Malama, ki bar soson a inda yake. Abin da kika zuba yana can cikin ramuka yana kama gida, ba a ganinsa ne kawai. Hausawa sun riga sun faɗa: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.