Fuskar da Zarrin Ta Murje

A shagon zanen babanta da ke birnin Tabriz, Zarrin ta tsaya a kan Kamran, mai zanen da ya yi alkawarin aurenta. Ɗan hoton da ke gabansa bai fi tafin hannu ba, kuma fuskarta ce, har da tabon gira.

"Wai ka fasa?" ta ce.

Ya kasa ɗaga ido. "Shehinmu ya ce son mutum gada ce kawai. Ta kanta ake bi a isa ga Allah."

"Au, ni ce gadar? A taka ni a wuce?"

Ta lashi babban yatsanta, ta murje fuskar da ke hoton. Fentin zinare da na shuɗi suka dame, aikin wata bakwai.

"To, waliyyi, gada ta karye. Sai ka yi iyo."