Jar Ganga da Baƙar Ganga

Tunda ka ce kunnenka kaɗai ya isa ya zaɓa maka kaya, gyara zama ka ji abin da ya sami wani makaɗin noma. Mutumin nan ya rataye kayan kiɗansa a rumbu, uwar ganga da 'yan ƙananan da ke amsa mata, ya tafi cin rani. Kafin ya dawo gara ta cinye icen ta ciki, ɓeraye sun yi walima da fatar, ko igiyar rataya ba su bar masa ba. Ga damina ta sauka, Sarkin Noma ya sa ranar gayya, ga kuma wani matashin makaɗi daga ƙetaren rafi da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar nan. Al'adar garin kuwa ba ta da wuya: wanda gangarsa ta raka manoma har ƙarshen gona, shi ne makaɗin Sarkin Noma sai baɗi. Wanda tasa ta yi shiru a tsakiya, sai ya ajiye gula ya ɗauki garma.

Ranar kasuwa ya nufi rumfar mai ganguna, aka fito masa da kaya kashi biyu. Na farko ja wur, da tuntaye, har da 'yan madubai a gefe. Da ya ɗora wa uwar gula, sai da mai fura ta zuba wa wani nono a hula, wani jaki mai ɗauke da gishiri ya tsaya cak yana gyaɗa kai. Na biyun baƙaƙe ne, ba ado, uwarsu da nauyi kamar turmi, muryarta kamar ta tsoho mai mura. Ya koma kan jar, ya ɗaga ta, ya ji ta sakayau kamar ƙwarya. Ya sa hanci a hudar cikinta, warin ɗanyen ice ya buge shi. Ya bi jikinta da farce, ya taɓo inda aka cike tsaga da danƙo aka shafe da fenti. Fatar an kankare ta har kana ganin inuwar yatsanka ta baya, ga ta da zafi, don tun safe mai kayan ya shanya ta a kan rumfa, rana ta ɗaure ta tamau. Hannu ya ce a'a, hanci ya ce a'a, kunne ya ce duk ƙarya suke yi. Saura ƙiris ya ɗauka, sai ya tuna ka'idar mahaifinsa: ba a sayen ganga da zafin rana a jikinta, sai ta sha inuwa an ji muryarta ta gaskiya. Ya ce a ajiye masa ita a inuwa, zai yi Azahar ya dawo. Mai kayan ya ce, "Haba Sarkin Kiɗa, ganga ce fa, ba kunu ba. Me za ta huce?" Ko da ya dawo daga masallaci, sai ya hangi jar ganga a kafaɗar makaɗin ƙetaren rafi, madubanta na ƙyalli. Haka ya kwashi baƙaƙen ya nufi gida, yana ta ƙunƙuni da tsofaffin da suka mutu suka bar wa mutane dokoki.

Ranar gayya tun da raɓa jar ganga ta fara kuka, samari suka bi ta kamar kaji sun ga tsaba. Mai ita ya waiwayo ya ce, "Baba, uwargida ta san ka fito mata da turmi?" Mutuminmu ya ci gaba da bugun tasa, gumin da ke karyo masa kuwa ba na rana ba ne. Rana na hawa, jar na ƙara zaƙi, har ya kama ƙafarsa tana bin kiɗan abokin gaba, ya take ta da ɗayar. Ya fara tunanin wace garma zai ara. Da rana ta daidaita tsakar ka, jar ta saki wata murya da ba a taɓa ji ba a gonar nan, sai fau! Danƙo ya narke, ice ya buɗe baki, fata ta rabe biyu. Garemani suka tsaya a sama. Cikin shirun nan ba abin da ake ji sai baƙar ganga, wadda sai yanzu rana ta buɗe mata maƙogwaro, tana tafiyarta dim, dim, ba gaggawa. Manoma suka sunkuya suka bi ta, ita ta kai su har ƙarshen gona.

A gindin ɗorawa mutuminmu ya zauna, ya sauke numfashin da ya riƙe tun safe, ya shafa bayan gangarsa, ya yi wa mahaifinsa addu'a mai tsawo da ɗan neman gafara a ciki. Shi ya san sallar Azahar ce kaɗai ta shiga tsakaninsa da wannan fashewa, amma ga jama'a cewa ya yi tun daga nesa ya gane ta. Da yaron ƙetaren rafi ya zo wucewa rungume da ɓangarorin icen gangarsa, ya ce masa, "Ɗana, kada ka yar. Kaji za su sha ruwa a ciki, ga madubi su duba fuska."

Abin da Hausawa ke faɗa ke nan: in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.