Wardin da Ba Ya Ƙamshi

Uwar Turare tana cikin ɗura kwalabe ta hango motar babban ɗanta ta tsaya a ƙofar shago, gilasai duk a sauke, ga wata tukunyar shuka a kujerar baya an ɗaure ta da bel kamar jaririya. Ta ajiye mazurari, ta gyara zama. Ta san abin da ya kawo shi.

Tun muguwar murar da ta yi bara, yaron nan da matarsa suka sa ta a gaba. Wai hancinta ya mutu. Wai abinci ya ƙone tana zaune kusa da murhu ba ta ji ba. Wai haɗin da ta yi wa wata mata ya fito kamar maganin sauro. Duk wai ɗin nan, makullin shago suke so. Shagon da ta kafa da hancin nan, ta ciyar da yaron, ta kai shi makaranta har ya iya binciko cutar uwarsa a waya.

Sai dai surukar tata ba ta iya waya a hankali ba. Daga ɗaki tsohuwa ta ji shirin kaf. Akwai wani sabon irin wardi da aka shigo da shi, aure aka yi wa iri biyu ya fito: fure ɗaya tal a kan dogon kara, faɗinsa ya kai tafin hannu, amma ba ƙamshi ko na magani. Za a miƙa mata, ta shaƙa, ta hau yabon ƙamshin da babu, asiri ya tonu.

Ba ta tsaya kan maganar waya ba. Ta tambayi matar likita, wadda ta dasa guda a gidanta, ita ma ta ce ai kyan ne kawai, tun da ta kai shi gida bai ce wa hancinta komai ba. Amma mutane rububinsa suke yi. Mai furannin kan kwana ma ya samu sakewa, ya daina sayen 'yar mitsitsiyar kwalbar turare a wurinta, ya koma manya, har tana tsokanarsa ko uwargida sha take yi.

Ɗan ya shigo rungume da tukunyar, fuska a murtuke. Matarsa na biye tana atishawa.

"Mama, a bar shi kawai. Ma zo wata rana."

"A'a, ai yau ce ranar. Ka ɗauko kaya tun daga can, ka ce wata rana?"

Ta leƙa ta kira tela da mai kemis su zo su shaida. Ta kwance makulli daga bakin zane ta dangwarar a kan tebur.

"In na kuskure, ga shi, ku ɗauka. In na faɗi daidai, kada in sake jin bakin kowa har in mutu. Ke kuma atishawar ta isa haka, munafunci ne yake neman hanyar fita."

Ta kama karan a hankali don ƙaya, ta sunkuya. Furen ja ne wur, ganyensa da ɗan danshi. Ta lumshe ido ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda take ja a gaban manyan masu saye. Ta sake ja. Sannan ta ɗago tana murmushi.

"Babu. Fayau. Ko ƙamshin ruwa babu a jikinsa. Irin matarka ne, kyau a waje, ciki ba komai. Ni za ku yi wa tarko da fure?"

Ba wanda ya yi dariya. Tela ya hau kallon takalminsa. Mai kemis ya ce ya bar mutum a shago, ya sulale. Ɗan ya juyar da kai, idonsa ya kawo ruwa, ta ce a ranta kunya ce, kuma ta yi masa kaɗan. Tana nan tana jiran a ba ta haƙuri, sai ta ga hannun surukarta ya miƙo, ya rufe makullin.

A kan kwana kuwa, mai furanni yana bi tukunya-tukunya da 'yar kwalbar feshi, kamar kowace safiya. Tukunyar ɗan tsohuwar ma, da yake ya saya bai yi ciniki ba, sai da mai furannin ya yi mata gyara: ya jiƙe furen sharkaf da turaren wardin da Uwar Turare ta haɗa da hannunta.