Mai Ɗauke Ƙwan Furera

Furera ta laɓe bayan rumbu, idonta a kan akurki. Tun farkon damina ƙwan kajinta ke raguwa, kuma duk gidan nan nasu na garin Tama babu wanda ba ta zarga ba. Abin ya fi mata ciwo don kullum a ɓoye take dafa wa ɗanta Mahfuzu guda, yadda aka ce musu a gidan likita. Uwar mijinta, Iya, ta rantse ƙwai na sa yaro sata, ta hana a ba shi.

Da hantsi sai wani hannu ya zuro ta darni ya ɗauke ƙwai. Furera ta ɗan jima, sannan ta bi sawu har bayan ɗakin Iya. Tsohuwar na zaune, Mahfuzu a cinyarta, tana ɓare masa dafaffen ƙwai.

"Ci maza," ta ce a hankali. "Kak ka hwaɗa ma uwakka."

Yaron ya ɗago kai. "Iya, sa gishiri. Inna tana sa min."

Hannun Iya ya tsaya cak. Ta waiwayo a hankali, suka haɗa ido da Furera.

"To, ke da ke laɓe," ta ce, "miƙo gishirin."